Jan Maɓallin Malam Zainu

Garin Kankia ya yi sa'a, ko da yake har yanzu ba a sanar da shi ba. Garuruwa da yawa suna da likitoci da lauyoyi, wasu har da masu gyaran firji, amma duk tsawon kwaltar nan daga Kano zuwa Katsina, Kankia kaɗai Allah ya ba Malam Zainul Abidin. Shi ne ya faɗa da bakinsa, mu kuma ba mu da hujjar musu, tunda babu wanda ya kai shi zurfafa nazari a kan Malam Zainul Abidin.

A Kusada, inda ya tashi, sunansa Zainu na gidan Baba Sada. A bakinsa kuwa sunansa Mai Fasahar Wasannin Kwamfuta na Farko a Arewa, kuma ba ya son a rage masa ko harafi. Samarin bakin tasha, da numfashinsu bai kai ya ɗauki wannan kaya ba, suka taƙaita masa shi zuwa Shehun Danne-danne. Da labari ya kai masa sai ya yi murmushin yafiya, ya ce haka jahilai suka saba yi wa manya tun farkon duniya. Danne-dannen ya bar musu. Shehun kam ya riƙe abinsa.

Ba sai an nuna maka shi ba. In ka ga mutum da tabarau marar magani, da ƙyalle naɗe a wuya a tsakiyar bazara, rungume da jakar kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti, yana tafe yana duban sama kamar ana yi masa shifta daga gajimare, to ka matsa gefe, fasaha ce za ta wuce. Ya yi wani kwas a Kaduna wanda tsawonsa ke ƙaruwa duk lokacin da ya ba da labarinsa. Da ya dawo sai ya ga Kusada ta yi masa kaɗan, ya kama ɗaki a Kankia. Ya ce tunani irin nasa yana bukatar babbar hanya a kusa, don ranar da duniya za ta zo nemansa kada ta sha wahalar kwatance.

Kafin duniyar ta iso, yakan rage lokaci a shagon Bishir. Bishir ne mai gidan gem ɗin da ke bayan tasha: talabijin uku, bencina, janareta mai yawan tari, da samari masu buga ƙwallon kwamfuta tun hantsi har yatsunsu su sage. A nan Shehun yake yin wa'azi, a tsaye, don ya lura hikima ba ta sauka daidai in yana zaune.

"Ku dubi kanku," in ji shi. "Mutum ashirin da biyu na ƙarya suna bin ƙwallo ɗaya ta ƙarya, ku kuma kuna zufa ta gaskiya. Wannan ba fasaha ba ce, motsa jinin yatsa ne. Gem na gaskiya ba ya ba ka daɗi. Tambaya yake yi maka. In ka tashi daga gabansa kana dariya, to an cuce ka."

Samarin kan ce haka ne, Shehu, ba tare da sun ɗauke ido daga talabijin ba. Wannan haka ne ɗin yake kwasa ya kai ɗaki a matsayin mubaya'a.

Kada a ce baki ne kawai gare shi. Yana da ayyuka. Na farko sunansa Jiran Mota: kana zaune cikin bas a tashar Kankia, maɓalli ɗaya ne, duk sanda ka danna shi sai kwandasta ya ce saura mutum ɗaya. Mutumin ba ya zuwa. Fasinjojin da suka gwada sun yaba, sun ce babu ƙarya a ciki, sai dai ba su ga dalilin shigowa ɗaki su yi abin da suke yi a waje cikin iska mai daɗi ba. Na biyu sunansa Duhu. Allon baƙi ƙirin ne, babu hoto, babu sauti. Bishir ya daɗe yana bubbuga gefen talabijin yana lasar kan waya yana sake cusawa, kafin Shehun ya yi masa albishir cewa ai tun ɗazu wasan yake bugawa, har ya kai mataki na biyu.

Amma waɗannan duk share fage ne. Babban aikin, wanda za a riƙa tunawa da shi bayan an manta da sunayen gwamnoni, sunansa Juya Baya. Kuma ba a fahimtar Juya Baya sai an san Baba Sada.

Baba Sada ƙanen mahaifin Zainu ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar uban. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya ya dawo ƙofar zaurensa a Kusada ya zauna, ya duƙufa kan sana'ar da Allah ya halicce shi dominta, wato gaisuwa. Daga Kusada har Dudunni an san shi. Wanda ya tsaya gaishe shi da hantsi, gara ya zo da alwalarsa. Zai tambaye ka kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa. Zai tambayi gero daban, dawa daban, wake daban. Zai tambayi ƙafar mahaifiyarka da ta yi ciwo bara, da jakin da ka sayar, da wanda ya saye shi, da direban da ya kawo ka. In ka zaci an kai ƙarshe har ka fara laluben takalminka, sai ya numfasa ya ce to, ya gajiya kuma? Ba mugunta ba ce. Da gaske yake son ya ji.

In Zainu ne ya zo, akwai wata 'yar tambaya da takan shigo tsakanin wake da shanu, a hankali, ba faɗa, ba gori: "Ya aiki? An dai samu?" Sai tsohon ya jira amsa, fuskarsa cike da kyakkyawan fata.

In ka tambayi Shehun abin da Juya Baya yake nufi, zai gyara tabarau ya ce nazari ne kan sarƙar al'ada a wuyan matasan Afirka. Mu da muke ƙaunarsa mun yarda. Sai dai sarƙar tana da farin gemu, tana zaune a ƙofar wani zaure a Kusada, kuma Afirkar gaba ɗaya mutum ɗaya ne mai ƙyalle a wuya. Shekara da shekaru yana mafarkin ranar da tambayar nan za ta fito, shi kuma ya miƙe tsaf, ya kaɗe wandonsa, ya juya ya tafi. A Kusada abin bai taɓa yiwuwa ba. Sai ya gina wata Kusadar a kwamfuta.

Ya je gida da wayarsa ya ce wa tsohon ajiyar tarihi ake yi. Baba Sada ya ji daɗi ƙwarai, ya shiga ya sako rigarsa ta Juma'a, ya zauna ya gaida wayar tun safe har rana ta take, bai maimaita kansa ba sai inda ladabi ya bukata. Shehun ya kwashe muryar da fuskar ya zuba su a cikin wasan.

Ga yadda wasan yake. Kai saurayi ne, ka fito za ka tasha. A ƙofar zaure ga tsoho zaune, ya tare ka da gaisuwa. A hannun gem ɗin maɓalli biyu ne kawai ke aiki. Kore yana amsawa: lafiya lau. Ja kuwa yana juya maka baya ka yi tafiyarka, tsohon na tsakiyar magana. Gaisuwar ba ta da ƙarshe, don Shehun ya ɗaure bakinta da wutsiyarta, tana zagayawa har mai ya ƙare a janareta. Duk wanda ya yi ta maza ya danna ja, zauren zai narke, hanya ta buɗe, kiɗa ya tashi, sai gajimare ya sauko a kan Kankia. A kan gajimaren wani mutum ne cikin farar riga da tabarau, hannu a buɗe, yana jawabi kan 'yancin ɗan Adam. Ba ma bukatar faɗin ko wane ne. Wannan ƙarshen shi ya ci mafi yawan aikin. Gajimaren kaɗai sai da aka sake shi ya fi a ƙirga, don na farkon bai dace da kafaɗar mai shi ba.

Shi kaɗai ya taɓa ganin ƙarshen nan, kuma ya gan shi da yawa, musamman ranakun da ya dawo daga Kusada. Yakan kulle ƙofa, ya saki labule, ya bari muryar ta zo daidai kan an dai samu, sai ya danna ja da ƙarfin da ya fi laifin maɓallin. Wannan shi yake kira gwajin inganci.

Ranar da ya kai wasan shagon Bishir, ya zo da tsammanin juyin juya hali. Bishir ne ya fara karɓa. Da fuskar ta bayyana sai ya ce kai, Baba Sada ne, ya sauke ƙafarsa daga kan benci ya gyara zama. Ya danna kore. Ya sake danna kore. Shehun ya tsaya a bayansa yana jiran tarihi, tarihi kuma yana ta amsa lafiya lau. Da abin ya ishe shi sai ya sunkuya ya tuna masa akwai fa jan maɓalli. Bishir ya ce ya gani, mene ne aikinsa? Aka gaya masa. Ya waigo ya dubi Shehun kamar an ce ya ja gemun liman.

"Yana maganar zan juya?"

Shehun ya yi masa bayani cewa wannan ba Baba Sada ba ne, haske ne da lissafi. Bishir ya ce ya sani, ai ba yaro ba ne shi, ya koma ya danna kore.

Sai kuma aka samu Bube. Bube makiyayi ne daga Kaikai, yakan shigo ran kasuwa ya bar wayarsa caji a shagon. Da aka miƙa masa hannun gem ɗin, sai da ya jingine sandarsa ya tuɓe takalmi tukuna. Yana danna kore yana kuma amsawa da baki, don a ganinsa yatsa kaɗai bai isa gaida babba ba. Da tsohon ya ce ya shanu, Bube ya ajiye abin dannawar a cinya ya kawo cikakken bayani, har da saniyar da ke ɗingishi da maganin da aka yi mata. Ya tambayi tsohon nasa jikin, tsohon ya amsa masa da ya ruwa. Bube ya gyaɗa kai ya ce haka manya suke, ba sa kai ƙarar jikinsu. Da aka kira azahar ya miƙa wa na kusa da shi.

"Riƙe mani tsohon, kada a bar shi shi ɗaya."

Daga ranar wannan ta zama doka. Ba a barin Baba Sada yana magana babu mai amsawa. Masu ƙwallo kan karɓi juna, wannan ya gaisa ya ba wancan. Masu shayi, 'yan acaba, har da wani ma'aikacin sakatariya da ke zuwa lokacin aiki, duk suka shiga layi. In man janareta ya kusa ƙarewa, Bishir kan tsaya gaban talabijin ya ce Baba, a yi mana afuwa, sannan ya kashe. Babu wani aikin Shehun da ya taɓa samun jama'a haka, kuma babu wanda ya taɓa ƙona masa rai haka. Ya ce ya ƙera musu mabuɗin kurkuku, sun mai da shi tsinken sakace.

Ana cikin haka duniya ta yi waya ta ce tana tafe. Sunanta Hajiya Jamilatu, ita ke zaɓen ayyukan da ake nunawa a wani baje kolin fasahar zamani a Abuja. Shehun ya daɗe yana cika mata waya da saƙonni, har ta gane hanya mafi sauƙi ta samun hutu ita ce ta zo. Za ta biki Katsina, ta ce za ta tsaya Kankia da yamma ta gani. Sharaɗinta guda ne: ba ta zaɓen abin da ba ta ga ƙarshensa ba, kuma tana son ta gan shi a hannun mutanen gari, tunda shi da kansa ya ce mata gem ba ya cika sai a hannun jama'a. Shehun ya tabbatar mata cewa a Kankia layi ake yi ana tsinka sarƙa. Rabin maganar gaskiya ne. Layin kam akwai.

Yanzu abin da ke tsakaninsa da Abuja yatsa ɗaya ne. Ya shiga neman mai aron yatsa. Bishir ya ce shi uwarsa 'yar Kusada ce, kafin ya ɗaga yatsan daga maɓallin labari ya kai mata. Wani saurayi da ya fi kowa baki a tasha ya ce da zai yi, to amma aure yake nema a Dudunni, kuma Baba Sada abokin uban yarinyar ne. Shehun ya yi tunani mai zurfi ya gano cewa matsalar sanayya ce. Baƙo yake bukata, wanda bai san tsohon ba. Ya tsaya bakin kwalta har Allah ya kawo wani direban tirela daga can kudu maso gabas, ƙato, mai jajayen idanu, wanda ka gan shi ka san ya juya wa mutane da yawa baya. Ya saya masa shayi da burodi da ƙwai, ya jawo shi shago, ya nuna masa jan maɓallin. Direban ya zauna, ya kalli gemun, ya saurari muryar. Can sai ya danna kore. Ya ce tsohon ya yi kama da marigayi babansa, ya share ido da bayan hannu, ya roƙi talabijin ta sa shi a addu'a, ya hau motarsa ya tafi da ƙwai a ciki.

Babban mutum ba ya karaya. Shehun ya yanke shawarar cewa abin da jama'a suka rasa shi ne jawabi. In suka ji shi a gaban baƙuwa, da lasifika, dole jinin mutum ɗaya ya tafasa. Ya sa aka kafa rumfa a gaban shagon Bishir, aka jera kujeru, aka fito da talabijin mafi girma aka ɗora a tebur. Ya sa aka wanke ƙyallen wuyan aka goge.

Abu ɗaya ne lissafinsa bai ɗauka ba. Masu tallar nono da ke zirga-zirga tsakanin Kaikai da Kusada da Kankia sun riga sun kai wa Baba Sada labari cewa yana can cikin talabijin a Kankia yana gaida mutane wuni guda ba ya gajiya, ba ya ko shan ruwa. Tsohon ya ce wannan kam ya kamata ya je ya gani. Motar Hajiya Jamilatu na tsayawa, wani ɗan acaba na sauke shi, cikin rigar Juma'a, irin ta cikin akwatin talabijin sak.

Shehun ya hango shi. Nan take ya gano wata babbar matsala a wayoyin bayan talabijin wadda shi kaɗai zai iya gyarawa, ya shige bayan tebur ya duƙa. Aka kai Baba Sada kujerar gaba, kusa da baƙuwa. Hajiya Jamilatu, wadda ta zo da niyyar ta leƙa ta wuce, ta samu kanta tana bayanin hanya, da Abuja, da ruwan Abuja, da lafiyar direbanta da ta iyayensa. Taron bai fara ba sai da tsohon ya tsaya shan ruwa. Kowa a rumfar ya lura da abu ɗaya, ko da yake babu wanda ya faɗa: Zainu bai zo ya gaida babansa ba.

Shehun ya fito daga bayan tebur riƙe da lasifika. Jawabin da ya haddace mai zafi ne, an gina shi a kan sarƙa da kurkuku da tsofaffin da suka zauna a kan numfashin matasa. Ya ɗaga hannu ya fara.

"Ya ku jama'ar Kankia. Ranki ya daɗe, Hajiya. Yau ranar tsinka sarƙa ce. Sarƙar da..." Idonsa ya faɗa kan kujerar gaba. Baba Sada yana kallonsa yana gyaɗa kai, da alfaharin wanda akuyarsa ta ci gasa. "Wato igiyar da... ko in ce zaren da ya haɗa mu da iyayenmu, wanda a wasu lokuta, ba kullum ba, yakan ɗan yi tsawo. Gem ba wasa ba ne. Gem madubi ne. Wanda ke da zuciya ya fito."

Masu zuciya suka fito ɗaya bayan ɗaya. Bishir ya gaisa. Bube ya tuɓe takalmi ya gaisa, ya ƙara da albishir cewa saniyar ta warke. Ma'aikacin sakatariya ya gaisa har da cire hula. Yau da mai muryar yake zaune a wurin, koren ma da taushi ake danna shi. Baba Sada kuwa daɗi ya cika shi. In na cikin akwatin ya ce ya ruwa, sai na kan kujera ya riga kowa cewa ruwa ya yi gyara. Ya karkata wajen baƙuwa ya gaya mata cewa wannan tsohon, ko ba komai, ya san gaisuwa.

Hajiya Jamilatu ta duba agogo, ta duba rana, ta duba Shehun.

"Malam Zainu, hanya ce a gabana. Tunda kai ka ƙera ƙofar, buɗe mana ita mu gani."

Babu abin da ya fi wannan sauƙi. Yatsansa ya san hanyar ko cikin barci. Ya karɓi hannun gem ɗin ya taka gaban tebur, sai ya tarar da wata matsalar da ba ta taɓa tasowa a ɗakinsa ba: in ya fuskanci talabijin, ya juya wa Baba Sada na kujera baya; in ya fuskanci kujera, ya juya wa na talabijin. Ya gwada nan, ya gwada can, ya ƙare a tsaye a karkace tsakaninsu kamar ƙaguwa, ido ɗaya a kan kowane tsoho.

Akwatin ya ce ina wuni. Ya ce ya gajiya. Ya ce ya mutanen Kankia. Shehun ya ɗora babban yatsansa a kan ja. Ya tuna gajimaren, da farar rigar, da jawabin da duniya ba ta taɓa ji ba. Ya tuna Abuja, da kujerun da za a cika, da ranar da zai dawo Kusada a bayan mota a buɗe masa ƙofa. Dannawa ɗaya ce. Ya ce a ransa bari ya jira inda ya saba. Gero ya wuce. Dawa ta wuce. Wake ya wuce.

"Ya aiki? An dai samu?"

Baba Sada na kujera ya ɗan sunkuyo gaba ya karkata kunne. Tambayar ta yi masa daidai, shi ma yana son ya ji.

Yatsan a shirye yake, wannan kam za mu shaide shi ko a gaban alƙali. Sai dai gwiwoyin Shehun sun girmi yatsansa, kuma ba su yi kwas a Kaduna ba. Ba su nemi shawararsa ba. Suka lanƙwashe a hankali, yadda aka koya musu a ƙofar zaure, har Mai Fasahar Wasannin Kwamfuta na Farko a Arewa ya samu kansa durƙushe a ƙasa, ƙyallen wuyansa na sharar turɓaya, kansa a sunkuye. Ya ji wata murya ƙarama, wadda ya sani tun yana firamare, ta fito daga bakinsa ta shiga lasifikar da ya manta bai kashe ba.

"Ana dai nema, Baba."

Babu maɓallin wannan amsar. Sai ya danna kore.

Jama'a suka saki numfashi. Aka ji madalla daga baya, wani ya ce ɗan halak ke nan, Bube ya ce shi dama ya san yaron yana da tarbiyya, tabarau ne kawai. Hajiya Jamilatu kuwa tana tsaye, wayarta a sama tana ɗauka, idonta na ƙyalli. Ta ce ta daɗe tana yawon duba ayyuka, ba ta taɓa ganin irin wannan ba: mai fasaha ya gina ƙofar fita da hannunsa, sannan ya zo bakinta ya durƙusa. Ta ce yanzu ta gane, jan maɓallin da ba a dannawa shi ne aikin gaba ɗaya, kuma dabarar da ya yi ta sa ta jira ƙarshen da babu shi ta burge ta.

Shehun ya ɗago kai daga inda yake ya ce ai akwai ƙarshen, ranki ya daɗe, akwai gajimare, akwai jawabi.

"Kada ka ɓata shi da bayani," in ji ta.

Ta ce ta zaɓe shi. Za a ba shi wuri mai kyau a tsakiyar zauren baje kolin: talabijin a kan tebur, shi kuma a ƙasa a gabanta, durƙushe kamar yanzu, daga buɗewa zuwa rufewa, har a gama. In akwai wani abu a bayan jan maɓallin a cire, kada wani baƙo ya danna bisa kuskure ya zubar da ma'anar. Tabaran da ƙyallen ma a bar su a gida, suna raba hankalin mai kallo. Ta taya shi murna, ta yi wa Baba Sada sallama a gurguje tun kafin ya samu numfashin tambayarta mutanen Katsina, ta shige mota.

Aka yi tafi. Shehun ya so ya miƙe ya karɓi tafin a tsaye, yadda ya dace da matsayinsa, amma na cikin akwatin ya riga ya koma kan gajiya, na kan kujera kuma bai ce masa tashi ba. Baba Sada ya jawo Bishir ya tambaye shi mi Hajiyar ta ce. Bishir ya gaya masa cewa za a tafi da shi Abuja, wato na cikin akwatin, Zainu kuma zai bi shi don ya riƙa gaishe shi a gaban manyan mutane.

Tsohon ya auna maganar. Ya ga babu aibu a cikinta ko ta wane gefe. Ya miƙa hannu ya dafa kan Shehun.

"To madalla. Allah shi yi maka albarka, Zainu. In kun isa Habuja ka riƙa hitowa da wuri. Ka san ni, ba ni son a bar ni ina jira."

Shehun ya ce to, Baba. Ya danna kore.